Ya Dawo Daga Fagen Daga, Amma Yaƙin Ya Biyo Shi Gida

 

Wata baiwar Allah, matar soja, ta aiko mini da wasiƙa, ta kuma yarda in kawo muku ita bayan na cire duk abin da zai sa a gane ta. Ga abin da ta ce:

"Likita, shekara uku maigidana ya yi a Borno. Yau wata takwas ke nan da dawowarsa. Bai rasa hannu ba, bai rasa ƙafa ba, kowa sai barka yake yi mini. Amma ni na san wanda na raka tasha ba shi ne ya dawo ba. Ba ya runtsawa sai gab da asuba. Idan yaro ya buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura ya yi kansa kamar zai doke shi. Ranar Babbar Sallah da aka fara babbakar kawuna, ya shige ɗaki ya kulle, bai fito ba sai washegari. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ya daina zuwa masallaci. Da na yi masa magana sai ya ce, 'Maman Abba, ke dai ki yi taki. Irinmu me za mu je mu ce wa Allah?' Surukata ta ce sammu ne, yayansa ya ce ƙwaya ce. Ni ban san ƙofar da zan nufa ba."

Zan amsa mata a nan domin na san ba ita kaɗai ba ce. Tun daga watan Yuli na 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke, dubban gidaje a barikoki da unguwanni sun karɓi irin wannan baƙo. Haka abin yake a Nijar, a gidajen waɗanda suka tsira daga harin Bosso na 2016 ko na Inates na 2019. Haka yake a gidajen 'yan kato-da-gora na Maiduguri da 'yan sa-kai na Zamfara da Katsina, waɗanda suka ga abin da soja ya gani ba tare da asibitin bariki ko fansho ba.

Ra'ayina, ya kai mai karatu, shi ne wannan bawan Allah rauni biyu yake ɗauke da su. Ɗaya firgici ne da ya zauna a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ɗayan kuma nauyi ne da ya danne lamiri. Kowanne da maganinsa. Iyalin da suka kai shi wurin malam kaɗai sun bar rabin ciwon, waɗanda suka kai shi asibiti kaɗai su ma sun bar rabi. Mafi yawanmu kuwa ba ma kai shi ko'ina. Cewa muke yi ya yi haƙuri, namiji ne, zai wuce.

Ciwon ya daɗe tare da mu

Kakanninmu sun san shi ko da ba su raɗa masa suna ba. A Yaƙin Duniya na Biyu, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japanawa a dazukan Bama, kuma akwai Hausawa da yawa a cikinsu. Sunayen barikin Chindit da ke Zariya da barikin Dalet da ke Kaduna daga can suka samo asali. Bayan su an yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, sannan aka tura sojojinmu Laberiya a 1990, daga baya Saliyo da Darfur. Duk wanda ya tashi a tsohuwar unguwa yana iya tuna wani ɗan mazan jiya da yara ke tsokana saboda yana magana shi kaɗai, ko yana faretin da ba wanda ya umarce shi. Dariya muka yi masa, alhali majinyaci ne da ba a yi wa magani ba.

Turawa ma sun daɗe kafin su gane. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sun harbe wasu sojojinsu bisa zargin ragwanci da gudu daga fagen daga, sai a 2006 gwamnatin Birtaniya ta yi wa 306 daga cikinsu afuwa, shekara kusan casa'in bayan mutuwarsu, don an fahimci cewa da yawansu rashin lafiya ce ta kama su. Sai a 1980, bayan fafutikar tsofaffin sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam, aka shigar da ciwon cikin kundin cututtukan ƙwaƙwalwa da sunan da likitoci ke taƙaitawa da PTSD, wato ciwon firgici bayan tashin hankali. Tun kafin wannan da shekaru dubu, malamin nan na Musulunci Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya ware tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtuka masu magani. Saboda haka kada wani ya ce maka wannan ciwon Turawa ne ko kuwa raunin imani ne.

Rauni na farko: firgicin da ya ƙi kwanciya

A cikin ƙwaƙwalwar kowannenmu akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, aikinsa irin na mai gadi ne. Da ya hango haɗari sai ya sa jiki ya saki sinadarin adirenalin: zuciya ta ƙara bugu, tsoka ta ɗaure, kunne ya buɗe, barci ya gudu. Wannan ne ke tsirar da soja a hanyar da ake binne nakiya. Matsalar ita ce wanda ya shekara biyu ko uku yana kwana da takalmi a ƙafa, mai gadin nan nasa yakan manta yadda ake komawa barci. Hausawa sun riga likitoci faɗa: wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Alamomin sukan zo ta fuska huɗu. Ta farko, abin da ya faru yana dawo masa ba da son ransa ba, cikin mugun mafarki ko ido biyu, har ya ji kamar yanzu ake yi. Ƙarar salansar babur, ko bindigar 'yan bindiga a hawan sallah, ko ƙaurin nama a wuta suna iya tayar da shi. Wannan ne ya sa mijin mai wasiƙarmu ya kulle kansa ranar layya. Hancinsa ya kai shi wani wuri da ku ba ku taɓa zuwa ba. Ta biyu, yana gudun duk abin da zai tuna masa: kasuwa, taron biki, labaran rediyo, har abokan aikinsa. Ta uku, kullum a shirye yake kamar za a kawo hari: ba ya zama ya ba ƙofa baya, yana zabura, yana saurin fushi, barci ya gagara. Ta huɗu, zuciyarsa ta yi sanyi. Ya ɗauki ɗansa amma bai ji komai ba, sai kuma ya tsani kansa saboda hakan.

A makonnin farko bayan tashin hankali kusan kowa yakan ji wani abu daga cikin waɗannan, kuma mafi yawan mutane sukan warware da kansu. Idan alamomin suka wuce wata guda suna hana mutum aiki ko zaman iyali, lokacin ganin likita ya yi. Wani ma sai bayan watanni, ko bayan ya yi ritaya ya zauna shiru, abin ke taso masa. A kuma gaya wa likita idan bam ya taɓa tashi kusa da shi, domin girgizar ƙwaƙwalwa da raunin dodon kunne suna kawo ciwon kai da mantuwa da saurin fushi, kuma ana iya rikita su da wannan ciwo.

Yayan da ya ce ƙwaya ce, wataƙila ya ga wani abu na gaskiya, sai dai ya kama reshe ya bar tushe. Da yawa daga masu wannan ciwo sukan nemi barci ko mantuwa a tiramol, ko kodin, ko wiwi, ko giya. Na dare ɗaya sukan samu, daga nan ciwo ya zama biyu. Idan haka ta faru, tare ake maganin su, ba a cewa sai ya daina shaye-shaye tukuna za a saurare shi.

Rauni na biyu: nauyin da ke kan lamiri

Sake karanta abin da ya ce wa matarsa: irinmu me za mu je mu ce wa Allah? Mai tsoro ba haka yake magana ba. Wannan maganar mutum ce da yake ganin ya ƙazantu. Wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Jonathan Shay, wanda ya daɗe yana jinyar tsofaffin sojojin Biyetnam, shi ya fito da wannan batu fili a littafinsa na 1994, kuma masana suka ci gaba da nazarinsa da sunan da za mu iya fassarawa da raunin lamiri. Yana samun mutum ne idan ya aikata, ko ya gani, ko ya kasa hana wani abu da zuciyarsa ta san bai dace ba, ko kuma idan wanda ya amince wa a sama ya ci amanarsa.

Yaƙin Arewa maso Gabas cike yake da irin wannan. An sha ɗaura wa ƙananan yara mata bam a tura su shingen bincike. Sojan da ke tsaye a wurin daƙiƙa kaɗan gare shi ya yanke hukunci a kan yarinyar da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba. In ya harba, da abin zai kwana har ƙarshen ransa, in bai harba ba kuma abokansa suka mutu, haka. Wani ya bar gawar amininsa a daji don ba halin ɗauka. Wani shi kaɗai ya fita da rai daga motar da mutum goma ke ciki, kullum yana tambayar kansa dalilin da ya sa aka bar shi. Wani kuma, a faɗi gaskiya, ya yi abin da ba uzuri a cikinsa, cikin fushi ko bisa umarni, kuma ya sani.

Ƙwayar magani ba ta wanke wannan. Haka kuma kalmar da muka fi saurin faɗa, wato "ba komai, aikinka ka yi", ba ta wanke shi, don shi ya san akwai komai. Da ka faɗa masa haka sai ya gane ba za ka iya ɗaukar labarinsa ba, ya rufe baki.

Addinanmu sun fi mu sanin yadda ake tarbar irin wannan mutum. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Usama ɗan Zaid, wanda a wani yaƙi ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada, bisa zaton tsoron takobi ne ya sa shi faɗa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ce masa ba komai ba. Ya yi ta maimaita masa tambaya a kan abin da ya yi har Usama ya yi burin da a ce sai a ranar ya musulunta. Duk da haka ba a kore shi ba, ba a yanke masa ƙauna ba, kuma a ƙarshen rayuwar Manzo shi aka ba jagorancin runduna. An kira laifi da sunansa, an kuma riƙe mai laifin a cikin jama'a. Wahshi ma, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu, an karɓi musuluncinsa. Ga 'yan'uwanmu Kirista, Littafin Ƙidaya sura 31 ya nuna yadda aka umarci mayaƙan da suka dawo su zauna bayan zango kwana bakwai su tsarkake kansu kafin su shiga cikin jama'a, kuma Littafin Tarihi na ɗaya ya nuna cewa Dawuda, duk da matsayinsa, an hana shi gina Haikali saboda yawan jinin da ya zubar a yaƙe-yaƙe. Darasin guda ne: zubar da jini, ko da bisa gaskiya, yana barin tabo a ran wanda ya zubar, kuma akwai hanyar dawowa.

Kowace ƙofa da abin da ke bayanta

A asibiti, maganin da ya fi inganci ga firgici shi ne zaman tattaunawa da ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam, yawanci sau ɗaya a mako na kimanin mako 8 zuwa 16. A hankali, cikin aminci, ake taimaka wa majinyaci ya fuskanci abin da yake gudu, ya ba da labarinsa daki-daki, ya gyara hukuncin da ya yanke wa kansa, har ƙwaƙwalwa ta yarda cewa abin ya wuce. Akwai kuma wata hanya da ake haɗa tuna abin da motsa idanu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da duka biyun a jagorarta ta 2013. Makonnin farko sukan yi nauyi, kamar wankin gyambo, don haka iyali su sani kada su ce magani ya ƙara masa ciwo su janye shi.

Akwai magunguna irin su satralin da faroksetin da ke rage alamomin. Sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga amfaninsu, ba sa bugarwa, kuma ba a daina su kwatsam sai da shawarar likita. Abin da zan ja kunnenku a kai shi ne ƙwayoyin barci irin su diyazefam da ake saya a kemis ba takardar likita. Ba sa warkar da wannan ciwo, jiki yana saurin sabawa da su, kuma haɗa su da giya ko tiramol yana iya tsayar da numfashi.

Ina za a je? Wanda ke bakin aiki ya fara da asibitin barikinsa, daga nan a tura shi gaba, misali Asibitin Sojoji na 44 da ke Kaduna. Ga kowa da kowa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello suna da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Na san abin da ke hana mutane zuwa: kada a ce asibitin mahaukata aka kai shi. Mai wannan ciwo hankalinsa ɗaya, ya san kansa, ya san mutane. Tun daga watan Janairu na 2023 kuma Najeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma tanadi kare mutunci da haƙƙin majinyaci.

Ɗaya ƙofar kuwa ta malami ce ko fasto, amma a zaɓa. A nemi mai ilimi, mai riƙon sirri, wanda zai iya jin mummunan labari fuskarsa ba ta canja ba. Rundunar soja tana da limamai da malaman coci nata, kuma da yawansu sun zauna a fagen daga. Aikinsa shi ne ya taimaki mutum ya rarrabe abin da ya yi da ganganci da abin da ya fi ƙarfinsa, ya nuna masa ƙofar tuba a inda ake bukatar tuba, ya sauke masa laifin da ba nasa ba. Inda akwai haƙƙin wani, a duba yadda za a mayar ko a nemi yafiya, don jinyar soja ba ta share haƙƙin wanda aka zalunta. Da yawa sukan sami sauƙi idan tuba ta zama aiki: ɗaukar nauyin karatun maraya, ziyartar iyalin abokin da ya rasu, taimaka wa 'yan gudun hijira.

Addu'a da karatun Alƙur'ani da zikiri suna kwantar da zuciya, a ci gaba da su. Abin da ban yarda da shi ba shi ne duka da sunan fitar da aljani, da turaren da ke shaƙe numfashi, da ɗaure mutum da mari. Mun ga abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Mutumin da firgici ke cinsa, in aka danne shi aka doke shi, fagen daga aka mayar da shi. Duk wanda ya ce muku a ajiye maganin asibiti sai an gama nasa, ku kama gabanku.

Abin da ke hannunku a gida

Ke uwargida, da ke mahaifiya, da kai ɗan'uwa, ku ne ke tare da shi dare da rana, likita kuwa awa guda yake ganinsa a mako. Kada ku tambaye shi mutum nawa ya kashe, kuma ku hana baƙi da yaran unguwa yi masa wannan tambaya. Kada ku matsa masa ya ba da labari. Ya isa a ce masa, "Duk ranar da ka so magana, ina nan." In ranar ta zo, ku saurara har ya gama, ba wa'azi, ba salati da riƙe baki, ba kai labarin gidan kowa.

Kada a tashe shi daga barci ta hanyar taɓa shi. A kira sunansa daga ɗan nesa. Kada a zo masa ta baya ba sallama. In abin ya taso masa ido biyu, a yi magana a hankali, a faɗa masa inda yake da wanda ke tare da shi, a ba shi ruwa mai sanyi, a bar masa hanyar fita. A sanar da shi tun da wuri idan za a yi taro ko harbe-harben biki. A rage shayi mai kauri da goro da lemon ƙara kuzari daga la'asar. A taimaka masa ya riƙe lokaci guda na kwanciya da tashi, ya riƙa tafiyar ƙafa ko noma ko wani aikin hannu. Yara kuma a gaya musu daidai hankalinsu cewa Baba ba shi da lafiya, ana yi masa magani, kuma ba laifinsu ba ne, domin yaro in ba a faɗa masa ba kansa yake ɗora wa laifi.

Batun masallaci, 'yar'uwa, kada ki mai da shi abin gori. Ki nemi aminin da yake jin nauyinsa ya riƙa biyo masa, ko da sallar asuba ce da ba cunkoso. Wataƙila ma cikar sahu da mutane a bayansa na cikin abin da ke korar sa, ban da nauyin zuciya.

Ki kula da kanki ke ma. Mai jinya yana gajiya, kuma matan irin waɗannan mazaje da yawa sukan kamu da rashin barci da damuwa. Ki sami wadda za ki riƙa faɗa wa cikinki, in ya yi yawa ke ma ki ga likita.

Inda haƙuri ya ƙare

Abu biyu ba a jira a kansu. Na farko, idan ya fara cewa gara ya mutu, ko ya ce kun fi samun sauƙi in ba shi, ko ya fara rabon kayansa da yin sallama, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. Sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da bindiga da wuƙa da maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi, a kai shi asibiti a ranar. A Najeriya ana iya kiran lambar gaggawa ta 112.

Na biyu, idan ya fara dukanki ko dukan yara, ko ya yi barazana da makami. Ciwo yana bayyana dalilin fushi, amma bai halatta duka ba. Ki kwashe yara ki tafi inda za ku tsira, ki sanar da manya da hukumar barikinsa. Yin haka ba cin amana ba ne. Ranar da ya warke, zai gode miki da kika hana shi aikata abin da zai zame masa rauni na uku.

Gare ka, kai da ka dawo

Wataƙila kai ne ke karanta wannan da tsakar dare, kowa na barci. An horar da kai ka danne tsoro da ciwo, kuma wannan horon ne ya dawo da kai da rai. Yanzu shi ne ke hana ka warkewa. Da harsashi ne a cinyarka ba za ka ce sai ka cire da kanka ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka zaɓi mutum ɗaya, likita ko malami ko abokin da kuka kwana rami ɗaya, ka faɗa masa jimla ɗaya ta gaskiya. In ka ga ka yi nisa da Allah, ka tuna cewa zuciyar da ta mutu ba ta jin zafin abin da ta aikata. Wannan zafin da ke hana ka barci shaida ce cewa taka tana raye.

Bashin da ke kanmu

Kowace ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni don tunawa da 'yan mazan jiya, a yi fareti, a saki tantabaru. Ya kyautu. Sai dai wanda ya dawo da rai yana bukatar abin da ya fi fure. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Ya kamata a riƙa sauya sojoji daga fagen daga a kan lokaci, a duba lafiyar ƙwaƙwalwar kowane mai dawowa kafin a sallame shi gida da kuma bayan wasu watanni, a tabbatar masa cewa neman magani ba zai taɓa girmansa ba, a biya wanda ya yi ritaya haƙƙinsa ba tare da ya yi zaman dirshan a bakin ofis ba. A horar da limamai da fastoci su gane alamomin ciwon, a koya wa ma'aikatan asibiti girmama imanin majinyaci. A kuma tuna da 'yan sa-kai, waɗanda ba su da kowa sai unguwarsu.

Kafin hukuma ta motsa, unguwa tana iya motsawa. Mu muka kwana a gidajenmu lokacin da yake kwana a rami. Ku gaishe shi, ku gayyace shi ɗaurin aure ko da zai ƙi zuwa, ku ba shi wani aiki a kwamitin masallaci ko na coci, ku hana yara tsokanarsa.

Ga mai wasiƙarmu kuwa: 'yar'uwa, ba sammu ba ne, kuma mijinki bai ɓace ba. Ki nemi wanda yake jin maganarsa a cikin danginsa ko abokan aikinsa, ku lallaɓa shi zuwa asibiti cikin wannan makon, ku kuma nemo masa malamin kirki da zai zauna da shi. Za a ɗauki watanni, wata rana a ci gaba, wata rana a koma baya, amma mutane da yawa sun bi wannan hanya sun dawo cikin iyalinsu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai mun sake saduwa.